Takun da Kaka Yake Jira

Ku gafarce ni, karambani ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma wannan ne labarina na farko.

Varya ta gama juyinta na ƙarshe a gasar rawar zamiya a kan ƙanƙara, allo ya nuna ta zarce kowa maki. Sai dai tafin 'yan kallo sama-sama ne.

"Ba na faɗa miki ba?" in ji mai horar da ita, Zoya Arkadiyevna. "Juyi alƙalai suke ƙirgawa. Rawar ƙafar tsohon nan naki, sai dai gidan biki."

Varya ta sunkuyar da kai. Kakanta Timofei ne ya koya mata takun nan a kan daskararren kogi, ta kuma yi masa alkawarin yau duniya za ta gan shi. Ba ta iya gaya masa an cire takun daga wasanta ba.

Ta haura inda yake zaune cikin 'yan kallo. Ya laluba ya kamo hannunta. Tun da idanunsa suka mutu, da ƙarar takalmi a kan ƙanƙara yake gane mai wasa, ita kuwa da wancan takun yake gane ta.

"Ke ja'ira, me kike yi a nan? Lasifikar tasu sai gunji, ko suna ba ka ji. Wadda ta gama yanzu kuwa, baiwar Allah, sai juyi kamar dutsen niƙa, har na yi gyangyaɗi. Yaushe za ki shiga ki nuna musu wasa?"

"Saura kaɗan, Kaka."

Ta zare hannunta a hankali, ta sulale ta ƙofar baya tun ba a fara raba lambobin yabo ba.