Rigar Bene

Babu abin da ya kai ran ɗan Adam daraja a garin Gaya. Shi ya sa da aka gano benen bakin kasuwa zai iya cinye mutum talatin cikin minti goma in wuta ta tashi, ba a yi wata-wata ba, aka kafa kwamiti.

Benen gidan haya ne, hawa biyu, matakala ɗaya. Mai shi ya lulluɓe bangonsa da wasu fallaye masu sheƙi, waje gwangwani, ciki roba, har masu babur kan tsaya su gyara zaman hula a jikinsu. Mutanen gari suna ce musu rigar bene. Batula, ɗaya daga cikin 'yan haya, ita ce ta fara sanin halin rigar, ranar da ta matsa da kurfoti jikin bango a barandar sama tana dafa wake. Kafin ta ɗauko gishiri fallen ya narke kamar kyandir, hayaƙi ya turnuƙe. Da bokiti biyu aka kashe. Ya bar baƙin tabo, zagayayye kamar faifai.

Abin da ya tsaya mata a rai Inna ce. Mahaifiyarta, Kadijatu, shekara uku ke nan ƙafa ta daina ɗaukarta, sai mutum biyu sun riƙe ta take sauka. Batula ta gwada da agogo: minti goma sha ɗaya, in ba a haɗu da mai hawowa ba.

Kwamiti ya rubuta wa mai gida. Wakilinsa, Malam Muhyiddeen, ya zo da kansa, ya yi jaje, ya ajiye jajayen bokitai huɗu cike da yashi. A sati na biyu kyanwar gidan ta karɓi ɗaya, masu shan taba suka raba sauran.

Da a nan maganar ta mutu, ba don Yaya Sagiru ba. Wan Batula ne, ba ya cikin 'yan haya, yana can Kademi yana fama da ginin gidansa da ya ƙi ƙarewa. Amma bai taɓa fashin zaman kwamiti ba, yana ma riga shugaba zuwa. Ya zagaya benen, ya ƙwanƙwasa fallayen ɗaya bayan ɗaya, har da awo da igiya.

"Malam, uwata ce fa a saman nan," ya ce wa wakilin. "Da yashi za ka sauko min da ita? Ba faci, ba fenti. A tuɓe rigar nan gaba ɗaya!"

Batula ta share ƙwalla. Yayan da ko gaisuwar sallah sai an tuna masa, ashe haka yake son Inna.

Sagiru ya kai magana gun mai unguwa, ya kai ƙofar masallacin Juma'a, ya kira gidan rediyo sau uku. Mai gida ya gaji ya ce a cire, amma shi ba shi da inda zai zubar da tarkace. Sagiru ya ce ya ɗauki wannan wahalar, saboda Allah. Ranar aiki shi ya tsaya a kan leburori.

"A hankali, kai! Kwancewa ake yi, ba fizga ba. Kar wanda ya lanƙwasa min ko ɗaya, guba ce a ciki."

Kwamiti ya ba shi takardar yabo. Da yake za a yi makonni ana yaɓe da ƙura, sai ya ce Inna ta koma wurinsa, gidansa a ƙasa yake, babu matakala. Batula ta yi masa addu'ar da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Bayan wata guda ta ƙulla fura ta nufi Kademi. Mai babur bai nemi kwatance ba, ya ce gidan Sagiru ai tun daga bakin hanya ake hango shi.

Sagiru ya tarye ta da fara'a. "Kin ga an ƙarasa, Batula. Ɗakin Inna na fara yi wa aiki, ga shi can jikin murhu, don ta riƙa jin ɗumi."

Bangon yana ta sheƙi. A ƙarƙashin tagar Inna akwai baƙin tabo, zagayayye kamar faifai.