Gaisuwar Iya Tabawa

Kwana goma sha biyu ke nan da likitoci suka zura wa Zinatu raga ta jijiyar cinya har cikin ƙwaƙwalwa, inda jijiya ta kumbura tana neman fashewa. Suka ɗaura mata koren zare a wuyan hannu. Doka ta hana a faɗa wa mai koren zare mummunan labari sai ragar ta kwana arba'in, don firgita ɗaya ta isa ta kashe shi.

Ran Litinin ta fita sayen daddawa. Mahauci ya yi mata dariya har da wasa, shi da bai taɓa ba. Maƙwabciyarta ta hango ta, ta sauya layi.

Iya Tabawa mai daddawa idonta ya yi rauni, ba ta ga zaren ba. Ta kama hannun Zinatu ta ce, "'Yar nan, har kin fito? Yaya haƙuri?"

Sai yatsun tsohuwar suka taɓa zaren. Ta saki hannun.

"Iya, wa ya rasu?"

"Rasuwa? Tsufa ne, 'yar nan. Na ɗauka wata ce."

Mijin Zinatu yana hanyar Zariya tun jiya. Ɗanta Habu bai kira ba tun Juma'a. Zinatu ta ji wani abu yana bugawa a bayan idonta na hagu, a hankali.

Ta zauna a kan benci ta ajiye jaka. "Ko ki faɗa ko kar ki faɗa, Iya, yanzu duk ɗaya ne. Faɗa mini."