Dangwale da Hannun Hagu

Takardar shafi biyu ce, kuma Lauya da kansa ya rubuta ta. Abin da ke cikinta ba shi da yawa: tsohon da injin matse roba ya cinye wa hannun dama ya yarda cewa sakacinsa ne, ya karɓi ihsanin da kamfani ya ga dama, ya yafe diyya har abada.

Lauya ya san ƙarya ce tsagwaronta. Wata uku ke nan da aka kwance murfin kariyar injin don aiki ya yi sauri, kuma ya ga takardar umarnin da idonsa. Doka tana bayan tsohon: kuɗin magani, albashin kwanakin jinya, da diyyar hannun da ya yi shekara talatin yana ciyar da gida da shi. Dangwale ɗaya zai share su duka.

Watansa shida kacal a kamfanin. An ba shi ofis mai sanyi a bene, da mota, da mai kawo masa shayi. Bai taɓa bi ta wajen injina ba, kullum ta ƙofar manya yake shiga yake fita, har ma'aikata suna cewa sabon lauyan nan ƙasa ma alfarma yake mata da yake taka ta. Da safiyar nan Manaja ya ce masa, ba tare da ya ɗago kai ba, wannan ne gwajinsa na farko. Lauya ya so ya ce a tura wani. Sai dai ya ɗauki jakarsa ya bi shi.

A asibiti Manaja ya tsaya tambayar ma'aikaciyar jinya inda aka kwantar da mutumin. Kafin ta gama duba littafi Lauya ya yi gaba, ya hau bene ya karya hagu, sai Manaja ya biyo shi yana haki.

Gado na huɗu ne, kusa da taga. Tsohon yana jingine da filo, dungulmin hannun naɗe da bandeji a kan ƙirjinsa. Matarsa tana zaune a tabarma tana yi masa fifita da kwali. Da ta ga baƙi sai ta ja mayafi, ta kafa ido a ƙasa.

Manaja dai gwani ne wajen jaje, kamar a makaranta ya koyo shi. Baba sannu, Baba ya jiki, Baba ai kai namu ne. Lauya ya tsaya a ƙarshen gado rungume da jaka, gumi yana bin bayansa duk da fankar da ke juyawa. Da ƙyar ya ce, "Sannu, Malam."

"Yauwa, ranka ya daɗe," in ji tsohon. "An sha hanya."

Kunya ta rufe Lauya. Ya zaro takardar ya fara karantawa, yana ja kamar mai koyon karatu. Da ya zo wajen yafe diyya ya karanta sau biyu. Manaja ya yi gyaran murya. Lauya ya yi kamar bai ji ba, ya sauke takardar.

"Malam, ka gane? In ka dangwala, shi ke nan. Ba dole ba ne. Doka ta ba ka dama ka ƙi, ka nemi lauyan da zai tsaya maka."

Manaja ya watsa masa wani kallo wanda ko makaho ya san na sallama daga aiki ne. Tsohon ma ya ga kallon. Ya dubi Manaja, ya dubi kwat ɗin Lauya da takalminsa mai sheƙi, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya yi murmushi.

"Wane lauya kuma zan nema? Yaron nan aikinsa yake yi, yallaɓai, kada ka ga laifinsa. Ku kawo tawadar."

Ba a kai ga miƙa masa biro ba, don Lauya ya taho da tawadar dangwale a aljihu. Hannun hagun bai saba ba, dole sai da Lauya ya kama babban yatsan ya dangwala masa. Yatsan kaushi ne da shi kamar bawon itace. Matar ta daina fifita.

A baranda Manaja ya huce, har da dafa masa kafaɗa. Ya ce da ma duk ma'aikata haka suke da sauƙin kai, ai da an huta. Ya karɓi takardar ya tafi kiran direba.

Lauya ya jingina da bango. Akwai shuɗin tawada a yatsunsa, ya yi ta gogawa a hankici, ta ƙi fita. Ya yi fatan ƙasa ta tsage ya shige. Shekara biyar yana karanta haƙƙin ma'aikaci, ga inda karatun ya kai shi.

Sai ya ji takun silifa a bayansa. Matar tsohon ce, ta leƙa dama ta leƙa hagu, ta tabbatar Manaja ya yi nisa. Ta matso ta gyara masa wuyan riga, ta rage murya.

"Babanka ya ce in tambaye ka, ya yi daidai ko? Bai dai kunyata ka a gaban maigidanka ba?"