Madaukin da Ya Zame a Bayan Kitso

Wata ranar Laraba da hantsi aka sallami wani dattijo daga asibiti a Jos, likita ya ja kunnen 'yarsa cewa ƙirjin tsohon nan ba zai ƙara jure sanyi irin na bara ba. Shi kuwa ya kafe ba zai zauna a birni ba, ƙauyensu na kan dutse can wajen Pankshin zai koma, inda ruwan randa kan wayi gari kamar ƙanƙara. Ta sayo masa rigar sanyi ta gwanjo, ya ɗaga ta da yatsu biyu ya ce shi ba ya sa kayan da bai san wanda ya mutu ya bari ba.

To, 'yar tasa Lantana ta iya saƙa tun tana makarantar 'yan mata, kuma ta san ta iya. Ta auna kafaɗarsa da tsawon hannunsa, ta sayo zaren ulu mai kauri ruwan ƙasa, ta ƙudiri yi masa doguwar suwaita mai maɓallai da za ta sauko har gwiwa, da kitso uku a baya, biyu a gaba. Kitson nan ba ado kaɗai ba ne: inda zare ya hau kan zare saƙa kan yi ninki, iska ba ta samun hanya. Maƙwabciyarta Goggo Kande, wadda da saƙa take ci take sha, ta ce ta kawo ta yi masa. Lantana ta yi godiya, ta ce rigar ubanta daga hannunta za ta fito.

Kullum ta taso daga aiki sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta hau saƙa. In ta zo wurin kitso, sai ta kwashe madaukan zare uku a kan 'yar gajeriyar kibiyar saƙa ta riƙe su gefe, ta saƙa ukun da ke biye, sannan ta dawo da na farkon su haye ta kansu. A haka ta gama gaba, ta gama hannuwa, baya ya taso har ya kusa wuya. Sanyi ya fara sauka, in ta kira tsohon a waya tana jin tari na katse masa magana. Ƙanenta kuma zai tafi ƙauyen ranar Asabar, shi zai kai rigar.

Ana saura 'yan kwanaki Goggo Kande ta shigo aron rariya. Ta ɗauki bayan rigar ta juya cikinsa waje, kamar yadda tsofaffin masu saƙa kan yi, ta bi kitson tsakiya da babban yatsa, sai ta tsaya.

"Lantana, kin bar ɗaya a hanya. Ga shi nan ƙasa, bayan kitso. Zamewa ya yi daga ƙaramar kibiya, gashin ulu ne kawai ke riƙe da shi."

Ran Lantana ya sosu, ta ce, "Ai dama na san sai an samo mini laifi, Goggo, tunda ban kawo miki ba."

Tsohuwar ta yi dariya. "Ke yarinya, hulunan jarirai ma sun ishe ni. Ido na ara miki, hannu naki ne." Ta zare fil daga bakin mayafinta ta soke madaukin don kada ya gudu, ta ɗauki rariya ta fita.

Lantana ta zauna tana huci. Don ta nuna wa kanta cewa aikinta ba shi da makusa, sai ta cire fil ɗin, ta kama saƙar ta ja ta gefe da gefe, yadda bayan mutum kan ja riga in ya sunkuya alwala. Tana kallo madaukin ya sulale ƙasa, rami ya buɗe wanda yatsa zai shige. Nan ta gane wanki ɗaya ya isa ramin ya tsage har gindin riga, kuma daidai tsakiyar baya, inda sanyi ke bi ya sami ƙirji.

Ba ta warware aikin duka ba, don ta san hanya. Madaukan kitson tsakiya kaɗai ta saki daga kibiya, ta bar su suka gangara har inda ɓarakar take, zarurrukan suka tsaya a gicciye kamar matakan tsani. Ta kamo wanda ya ɓata ta mayar cikin 'yan'uwansa, sannan ta riƙa hawowa da kwarashi layi bayan layi, tana gitta kitson a duk inda ya kamata. Yatsunta suka yi tsami, wuyanta ya ƙage. Goggo Kande ta leƙo ta kan katanga, ba ta ce kawo in taya ki ba, "Sannu da aiki" kawai ta ce ta koma ga hulunanta. Ranar Juma'a da la'asar Lantana ta haɗa gaba da baya, ta ɗinka hannuwa, ta dasa maɓallai, ta aika wa Goggo da fil ɗinta da kwanon ɗanwake ta hannun jikarta.

Ƙanenta ya kai rigar ranar Asabar. Tsohon ya sa ta har sanyi ya wuce, an wanke ta an sake wankewa ba ta tsage ba, shi kuma bai koma asibiti ba a shekarar.

Shi ya sa Hausawa ke cewa: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.