Majinyacin da Ya Rage

"Ki zagaye kusurwar," in ji Halidu. "In kin bar ta da tsini, riga za ta kama ta, kafin azahar ya ɗaye."

Ramatou ta sake ɗaukar almakashi. Shekara goma sha ɗaya tana ɗinki a shagonta na Zongo, tana yanka shadda ko alli ba ta sawa, amma wannan ɗan bandin shuɗi na liƙa wa fata, mai faɗin yatsa uku, kullum sai ta auna shi sau biyu kafin ta yanka. Mahaifinta Halidu bai taɓa yabon aikin kowa ba, balle nata.

Halidu kine ne, mai gyaran jijiya da gaɓoɓi. A da, in lokacin gasar kokawa ya kusa, ƙarti layi suke yi a ƙofar ɗakin aikinsa na Talladjé tun bai buɗe ba. Ga 'yan ƙwallo, ga masu kabu-kabu da suka faɗi a kan gudurun, wato kwalta. Yanzu gizo-gizo ya yi saƙa a ƙarƙashin bencin jira. Tun bayan azumi duk suka koma wurin wani matashi a tsallaken gada. Majinyaci ɗaya ya rage, mai shanyewar ɓarin jiki, wanda hannunsa na hagu ya saki har ƙashin kafaɗa ya zame ƙasa, ya bar ramin da yatsa biyu za su shiga.

Duk bayan kwana huɗu Ramatou take rufe shago, ta hau taksi biyu ta zo. Ta riga ta haddace farkon aikin. Ta ɓare tsohon bandin a hankali, tana bin kwanciyar gashi. Ta duba fatar, babu ƙurji, babu rauni. Ta goge ta da alkol mai kashe ƙwayoyin cuta, ta jira ta bushe sarai, don ko ɗigon mai ko zufa ya isa ya hana ɗankon kamawa, kuma zafin Yamai ba ya raga wa kowa.

Halidu bai taɓa almakashin ba. Ta madubin da ke jingine da bango yake bin aikin, yana magana a hankali, kalma bayan kalma.

"Bakin farko ba a jan sa. Ki kwantar da shi kawai."

Ta yaga takardar baya, ta kwantar da bakin a damtse. Ta tallafo gwiwar hannun da tafinta har ramin ya rufe, sannan ta ja bandin zuwa sama. Yadin auduga ne, yana talewa a tsawo kamar fatar mutum, a faɗi kuwa ko kaɗan.

"Ya yi yawa. Rabin ƙarfinsa. Ba buhun gero kike ɗaurewa ba."

Ta sassauta. Ta kwantar da bakin ƙarshe a saman kafaɗar, ta murza da tafin hannu har ɗankon ya ɗauki ɗumi. Ta sa na biyu ta gaba, na uku ta baya.

"Da zafi?" ta tambaya.

"Wurin ba ya ji. Ci gaba."

Satin da ya wuce ta zo da bandi ruwan hoda, don wata mai sayen yadi ta rantse mata shi ya tayar da hannun mijinta. Halidu ya ce launi launi ne kawai. Ya ce bandin yana tallafar kafaɗa, yana ɗan ɗaga fata, yana rage ciwo, shi ke nan. Ba ya tayar da abin da ya mutu a cikin kai. Ramatou ta yi kamar ba ta ji ba, ta mayar da ruwan hodan jakarta.

Lokotoron asibiti ya ce a ba hannun wata shida. In a cikinsu yatsa ya motsa, akwai sauran magana. Yau wata shidan suka cika.

Ramatou ta ɗora hannun a kan tebur, tafin yana kallon sama. Yatsun sun lanƙwashe ciki, faratan an yanke su tsaf. A waje wata mota ta wuce da kiɗa, daga nan shiru.

"Bismillah," in ji Halidu. "A gwada."

Su biyun suka zuba wa hannun ido. Jijiyar wuya ta miƙe, numfashi ya yi nauyi, zufa ta gangaro har gefen bandin. Minti ɗaya. Minti biyu. Wani ƙuda ya sauka a tafin, ya yi yawonsa, ya tashi don kansa.

"Baba, babban yatsan ya motsa. Wallahi na gani."

"Teburin kika taɓa."

"A ƙara wata ɗaya. In na iya jan daidai..."

"Janki daidai ne. Yau babu abin da zan gyara miki." Ya ɗauke idonsa daga madubin. "Na ga irin wannan hannun ya fi ɗari, Ramatou. Na san wanda ke dawowa. Iyalansu nakan ce musu a ƙara wata ɗaya don kada su yi kuka a gabana. Ke ba zan ce miki ba. Mai hannun ma ya sani."

Ta tattara guntayen takarda, ta rufe kwalbar alkol, ta daɗe tana goge almakashin da bakin zaninta, bayanta a juye.

Sannan ta ɗauko rigar da ke rataye a ƙusa, ta ɗaga hannun daga kan teburin, ta zura shi cikin hannun rigar a hankali, ta ɓalla wa mahaifinta maɓallansa har wuya.