Curin Furar Inna

Wata la'asar a gidanmu na Zongo, Inna tana cura fura ta ce mini zan yi ƙane. Na dubi cikinta, a shafe yake.

"Inna, wasa kike. Yana ina?"

Da yake ungozoma ce, sai ta ɗauki curi ɗaya ta raba biyu, ta yi ta raba kowanne har suka zama mitsi-mitsi a faifai.

"Haka yake yanzu. Ƙwaya ɗaya ce take ta rabuwa."

"Ai ƙanƙancewa suke yi!"

"Girman na tafe," in ji ta, ta jefa mini guda a baki. Har yau ina jin yajin cittar.

Bara, wannan ƙanen, da furfura a gemunsa, shi ya shiga kabari ya karɓe ta.