Baƙin gashin da Goggo Mei-kuen ta dafa wa suruki

Saura kwana uku Sabuwar Shekara, Goggo Mei-kuen ta hana kowa sakat a ɗan gidansu na hawa na sha huɗu a Hong Kong. Ɗanta tilo, Ka-lok, ya samu matar aure mai suna Sarnai, kuma uban yarinyar zai taso tun daga arewacin ƙasar, can bakin hamada, ya ci abincin jajiberi da su. A kan teburin nan zai faɗi ko ya ba da 'yarsa ko bai bayar ba.

Goggo ta rantse sai ta dafa masa fat coi. Kun dai san shi, baƙin tsiron nan siriri mai kama da gashin kai. Ɗanɗano babu, ƙamshi babu. Sunansa kawai muke ci, don a bakinmu, mu mutanen Hong Kong, fat coi daidai yake da a ce maka "ka yi arziki".

Mijinta, Kawu Shing, tsohon direban bas, bai taɓa barin zancen ya wuce shi ba.

"Shekara talatin kina ɗura mana gashin nan, har yau gidan haya muke. Ina arzikin?"

"Da ban ɗura maka ba, da yanzu a gindin gada kake kwana. Matsa min in wuce."

"An ce fa an hana haƙo shi a can hamada."

"Ai wanda aka hana shi ne mai kyau," in ji Goggo, ta saɓi jakarta.

A wani lungu na kasuwar busassun kaya, wani mai shago ya waiga hagu da dama, ya zaro ƙunshi daga ƙarƙashin tebur, ya raɗa mata cewa na asali ne, daga hamada. Goggo ta zube masa kuɗin da ta ware don gyaran haƙorinta, ta dawo gida tana taku ɗai-ɗai.

Ranar jajiberi gida ya yi kyau. An manna jajayen takardu a ƙofa, ga lemo tuli a faranti, ga kifi guda da kansa da jelarsa. Baba Bao, uban Sarnai, dogon tsoho ne mai busasshiyar fuska. Ba ya jin harshenmu, sai 'yarsa ta fassara, amma kafin shayi ya huce shi da Kawu Shing sun zama aminai, suna ta kwatance da hannu suna ƙyalƙyala dariya. Ka-lok kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa.

Sai Goggo ta fito da babban kwano, naman kaza a ƙasa, baƙin gashin ya yi tozo a sama. Ta ɗiba wa baƙo da hannunta.

Baba Bao ya dubi kwanonsa, ya ajiye tsinkayen cin abincinsa. Ya yi magana a hankali, Sarnai tana fassarawa, kanta a ƙasa.

"Ya ce yana da tumaki ɗari uku a da. Wata bazara mutane suka cika filinsu da manjagara ta ƙarfe, suna kankare ƙasa don neman wannan abin. Ciyawa da saiwarta suke tumɓukewa. Shekara huɗu suna zuwa. Da iska ta taso, babu abin da zai riƙe ƙasar, rairayi ya cinye makiyayar har da rijiyarmu. Tumakin suka mutu. Ni ina da shekara tara muka bar gida."

Tsohon ya nuna babban kwanon.

"Ya ce abin da ke cikin nan kaɗai, kiwon tunkiya goma ne na shekara."

Goggo ta dubi kwanon. Shekara talatin tana yi wa iyalinta fatan arziki da abin da ya talauta wasu, bata taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba. Kunya ta kama ta, hawaye suka zubo. Ka-lok ya dubi Sarnai, ya ga aurensa yana shirin suɓuce masa.

Baba Bao ya sa yatsu ya ɗauki silin gashin, kamar mai gaisawa da tsohon maƙiyi. Ya murza. Abin ya narke, ya bar masa baƙi a yatsu. Ya sake ɗaukar wani, ya murza, ya shinshina. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har yana dukan tebur.

"Me ya ce?" in ji Goggo tana share ido.

"Inna, ya ce wannan garin sitaci ne da rini. Abin nan bai taɓa ganin hamada ba. Ya ce ki gaishe masa da wanda ya cuce ki."

Kawu Shing ya kusa faɗowa daga kujera.

"Ashe koko kika saya mana da kuɗin haƙori."

"Rufe min baki, kai ma loma biyu ka yi."

Da dariya ta lafa, Baba Bao ya ce mace mai kuka saboda tumakin da ba ta taɓa gani ba za ta riƙe masa 'yarsa da kyau. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a ƙara sayen fat coi a gidan, na asali ko na jabu. Goggo ta yi alkawari nan take, ta shiga kicin ta soyo latas, tunda shi ma sunansa a bakinmu "haifar da dukiya" ne, kuma a lambu ake shuka shi.

Mai karatu, kafin ka kai loma baki don neman sa'a, ka tambayi inda ta fito. Abin da ya mayar da makiyayar wani hamada ba zai zama arziki a gidanka ba, ko da sunansa arziki.